Jagorar Tara Tsofaffin Kwabban Jan Ƙarfe na Ingila, 1672 zuwa 1860

Wanda ya fara ɗora kwabon Ingila na shekarar 1797 a tafin hannunsa, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne nauyi. Oza guda ce cif ta jan ƙarfe, wato giram 28 da ɗan ɗoriya, faɗinsa kuma milimita 36. Yayansa mai darajar kwabo biyu ya ninka shi nauyi, har ya haura giram 56. Daga sunan wannan ƙarfe a bakin Turawa, wato copper, muka samo kalmar kwabo, wadda ta zauna a harshenmu tare da anini da ɗari da taro da sisi, ta kuma shiga kuɗin Najeriya a hukumance a 1973. Saboda haka Bahaushen da ya ɗauki tara irin waɗannan kuɗaɗe a matsayin sha'awa, asalin kalmar da ya taso yana faɗa yake bi.

Abin da nake so in kafa tun farko shi ne tarihin kwabo shi ne ma'aunin gaskiyarsa. Wanda ya san dalilin da ya sa aka buga kwabo, da wurin da aka buga shi, da irin injin da ya buga shi, ya san yadda ya kamata ya kasance a ido da kuma a sikeli, kuma da wuya a sayar masa da jabu. A wannan jagora, idan na ce jan ƙarfe ina nufin jan gaci zalla, idan kuma na ce tagulla ina nufin jan ƙarfen da aka gauraya da kuza da tutiya. Bambancin yana da muhimmanci, domin a kansa ne iyakar zamanin da muke magana ta tsaya.

Mataki na farko: ka yi wa kanka iyaka

Kuskuren sabon shiga shi ne sayen duk abin da ya tsufa. Bayan shekara guda sai ya tarar da gwangwani cike da kuɗin ƙasashe goma, babu wanda ya sani da kyau a cikinsu. Shawarata ita ce a fara da kwabo guda daga kowane zubi na zamanin injin tururi: na 1797, da na 1806 ko 1807, da na Sarki Joji na Huɗu, da na Wiliyam na Huɗu, da na Sarauniya Biktoriya mai hotonta na ƙuruciya. Kwabbai biyar ke nan, dukkansu ana samunsu, kuma idan aka jera su a kan tebur suna nuna yadda kuɗin Ingila ya sauya cikin shekaru sittin. Bayan an gama da su sai a ƙara ɗari, wato rabin kwabo, da rubu'in kwabo na kowane sarki. Sai ido ya buɗe sannan a koma baya zuwa kuɗin da suka gabaci 1797, domin can ne jabu ya fi yawa, can ne kuma neman wanda bai lalace ba ya fi wahala.

Mataki na biyu: ka san labarin kafin ka fitar da kuɗinka

Sarakunan Ingila sun daɗe suna ganin buga kuɗi da jan ƙarfe ƙasƙanci ne ga sarauta, alhali talaka yana bukatar canji don sayen burodi da kyandir. Daga wajen 1648 'yan kasuwa da masu shaguna da garuruwa suka shiga buga ƙananan kuɗin kansu, kowa da sunansa. A 1672 Sarki Charles na Biyu ya hana wannan, ya fitar da ɗari da rubu'in kwabo na sarauta, kuma daga Suwidin aka sayo faifan jan ƙarfen da aka buga su a kai. A bayansu aka sa hoton Britaniya, matar nan da ke zaune riƙe da mashi da reshen zaitun, wadda ta ci gaba da bayyana a kuɗin ƙasar har ƙarnuka. Daga 1684 an gwada buga ƙananan kuɗi da kuza, da ɗan ɗigon jan ƙarfe a tsakiya don hana kwaikwayo, amma kuza ba ta jure zamani ba, sai aka koma jan ƙarfe a 1694.

A ƙarni na goma sha takwas matsalar ta tsananta. Ma'aikatar buga kuɗi ta sarauta da ke Hasumiyar Landan ta buga ɗari a zamanin Joji na Biyu daga 1729 zuwa 1754, ta tsaya, ta sake bugawa daga 1770 zuwa 1775, sannan ta daina gaba ɗaya. A daidai wannan lokaci masana'antu suna bunƙasa, dubban leburori suna jiran a biya su da ƙananan kuɗi kowane mako. Maƙeran Bamingham suka cike giɓin da jabu: suna narka ɗari mai nauyi su fitar da biyu ko uku marasa nauyi, suna kuma sassaƙa hatiminsu sama-sama da gangan, domin kuɗin ya fito kamar wanda ya riga ya sha hannu. Wasu ma sukan canza rubutun don kauce wa doka, a maimakon sunan sarki su rubuta GEORGE RULES ko GREGORY III PON, tun da yawancin masu karɓa ba su iya karatu ba. Waɗannan jabun na wancan zamani yau su ma ana tara su, suna da masu nemansu, kuma bai kamata a haɗa su da jabun da ake ƙerawa yanzu don cutar masu tarawa ba.

A 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na dutsen Parys, a tsibirin Anglesey da ke Wels, ya fara buga kwabbansa masu cikakken nauyi don biyan ma'aikata, da kan wani dattijo mai lulluɓi a fuskarsu. John Wilkinson, babban mai narka ƙarfe, ya bi sahu a shekarar, ya sa hoton kansa. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan 'yan kasuwa suka yi haka. Masu tarawa suna kiran waɗannan kuɗin 'yan kasuwa da sunan James Conder, mutumin garin Ipswich da ya jera su a littafi a 1798. Fage ne mai faɗi wanda shi kaɗai zai iya cinye rayuwar mutum, don haka mai farawa ya san da shi, amma kada ya faɗa cikinsa tukuna.

Wanda ya kawo mafita shi ne Matthew Boulton, abokin sana'ar James Watt mai injin tururi. A masana'antarsa ta Soho, kusa da Bamingham, ya haɗa injinan buga kuɗi da ƙarfin tururi, suna fitar da kuɗi masu faɗi ɗaya da kauri ɗaya, abin da ƙarfin damtse ba ya iya yi. A 1797 gwamnati ta ba shi kwangilar buga kwabo da kwabo biyu. Dabararsa ita ce a sa wa kuɗin ƙarfen da ya kusa kai darajarsa, domin mai jabu ya rasa riba, a kuma yi masa faffaɗan baki mai tudu wanda aka nutsar da rubutu a cikinsa. Saboda girmansu da wannan baki mutane suka yi musu laƙabi da ƙafar amalanke, kuma har yau da sunan Cartwheel ake tallarsu. Masu shaguna sun yi ta auna kaya da su a sikeli. Sai dai farashin jan ƙarfe ya tashi a lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, har ƙarfen ya fi kuɗin daraja, mutane suka shiga narka su. Shi ya sa kwabon 1806 da 1807 ya sauko zuwa kimanin giram 19.

Bayan haka ma'aikatar sarauta ta koma sabon gini a unguwar Tower Hill ta Landan da injinan Boulton, ta dawo da buga rubu'in kwabo a 1821, da kwabo a 1825. Daga nan har 1860 kwabo ya tsaya a kan kimanin giram 18.8 da faɗin milimita 34. A 1860 aka sauya zuwa tagulla, kashi 95 jan ƙarfe, 4 kuza, 1 tutiya, nauyin ya ragu da rabi, kuma a ƙarshen 1869 aka daina karɓar tsohon kwabon jan ƙarfe a Ingila.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba su da yawa. Ana bukatar ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya, wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau goma. Da ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na makanikai. Da ɗan mayen ƙarfe. Da fitila guda mai haske daga gefe. Da ƙyalle mai laushi da za a shimfiɗa a kan tebur. Ta fuskar karatu, kundin shekara-shekara na kamfanin Spink mai suna Coins of England yana ba da lambar kowane zubi da kimar farashinsa, kuma tsohon bugu ma ya isa. Wanda ya yi nisa zai nemi littafin C. Wilson Peck na 1960, wanda lambobinsa dillalai ke ambata har yau. Shafin Numista a intanet kyauta ne, yana da nauyi da faɗi da hotuna.

Mataki na huɗu: ka koyi karanta kwabo

A riƙe kwabo ta gefensa, tsakanin babban yatsa da manuniya, a saman ƙyalle, kada a taɓa fuskarsa. Sannan a bi tsari ɗaya kullum, domin ido ya saba. A fara da inda sarki ke kallo: Joji na Uku dama yake kallo, Joji na Huɗu hagu, Wiliyam na Huɗu dama, Biktoriya hagu. A karanta rubutun Latin harafi bayan harafi. A kwabon 1797 fuska tana ɗauke da GEORGIUS III D G REX, baya kuma BRITANNIA da shekara, duk a nutse cikin bakin. A ƙarƙashin garkuwar Britaniya akwai kalmar SOHO da ƙananan haruffa, a gindin kafaɗar sarki kuma harafin K, alamar Conrad Küchler, Bajamushen da ya sassaƙa hatimin. Idan aka juya kwabon daga dama zuwa hagu, bayansa zai fito a kife. Na Biktoriya kuwa a tsaye zai fito.

Kwabon jan ƙarfe na Biktoriya yana da sauƙin rabewa da na tagulla. A na jan ƙarfe shekara tana fuska, ƙarƙashin wuyan sarauniya, babu inda aka rubuta darajarsa, kuma a ƙasan Britaniya akwai furanni uku masu wakiltar Ingila da Sukotlan da Ayalan. A na tagulla shekara ta koma baya, an rubuta ONE PENNY, an ƙara hasumiyar teku da jirgin ruwa.

Bayan wannan sai ƙananan bambance-bambance, waɗanda su ne daɗin abin. Kwabon 1797 yana zuwa da ganye goma ko sha ɗaya a rawanin sarki. Ɗarin 1799 ana rarrabe shi da adadin tagogin igwa a jikin ɗan jirgin da ke nesa. A kwabban Biktoriya na shekarun 1850 akwai masu mashi mai ado da masu mashi marar ado, kuma a 1858 an yi ta gyara tsofaffin hatimai, har ana hango wata lamba a ƙarƙashin lambar ƙarshe. Shekarun da suka yi ƙaranci a kwabo su ne 1827, wanda aka tura yawancinsa Ostireliya kuma galibi ana samunsa a cinye, da 1843, da 1849, da 1856, sai na 1860 na jan ƙarfe wanda ya fi su duka wuya.

Dole a fahimci cewa tsufa daban, ƙaranci daban. An buga miliyoyin kwabo masu ɗauke da 1797, kuma an ci gaba da buga su da wannan shekara bayan ta wuce, don haka wanda ya sha hannu ba shi da tsada ko kaɗan. Mai darajar kwabo biyu kuwa bai kai miliyan ɗaya ba. Mun san irin wannan a gida: dalar Mariya Taresa da ake gani wurin masu zoben azurfa 1780 take ɗauke da ita, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara fiye da ƙarni biyu. A Ingila ma an daɗe ana yaɗa jita-jitar cewa rubu'in kwabon Sarauniya Anne guda uku kacal aka buga, mutane suka yi ta zuwa da nasu suna tsammanin arziki, alhali na 1714 yana da ɗan yawa.

Mataki na biyar: gane jabu da gyararre

Sikeli ne alƙali na farko. Kwabon 1797 da ya sha hannu zai iya raguwa da giram ɗaya ko biyu, amma wanda ya fito fes kuma ya gaza nauyi sosai abin tuhuma ne. Ɗarin Joji na Uku na gaske, na 1770 zuwa 1775, yana kusan giram goma. Idan ya tsaya a shida ko bakwai, jabun wancan zamani ne, musamman idan yana ɗauke da 1775. Mayen ƙarfe ba ya kama jan ƙarfe, don haka duk wanda ya manne an gama maganarsa.

Jabun zubi, wanda aka narka ƙarfe aka zuba a mazubi, yana da alamomi: fuskarsa tana da ƙananan ramuka ko ƙuraje kamar yashi, haruffansa sun kumbura ba su da kaifi, kuma sau da yawa akwai layin haɗi ko alamar zarto a gefensa. Gyararren kwabo ya fi wannan haɗari, domin ƙarfensa na gaske ne, lamba ɗaya kawai aka sassaƙe don shekara mai araha ta koma mai tsada. A duba kewayen lambar ƙarshe da gilashi, fitila tana haskowa daga gefe. Idan wurin ya ɗan lotsa, ko launinsa ya saɓa, ko siffar lambar ba ta yi daidai da hoton na gaske ba, a ajiye shi.

Akwai kuma rukuni na uku da ya shafi Soho kai tsaye. Lokacin da aka yi gwanjon kayan masana'antar a 1850, wani maƙerin lambobin yabo na Landan, W. J. Taylor, ya sami tsofaffin hatimai, ya riƙa buga sababbin kuɗi da su shekaru bayan haka. Suna da kyau ƙwarai, suna da kasuwarsu, amma ba bugun zamanin Boulton ba ne, kuma dillalin kirki zai faɗi haka. Sannan a yi hattara da manyan faifan jan ƙarfe masu ɗauke da sunan kamfanin East India da shekarar 1818 ko 1616 da hotunan gumaka, waɗanda ake cewa suna da wani sirri na jawo shinkafa ko arziki. Kamfanin bai taɓa buga su ba. Duk cinikin da aka shigo da maganar sirri ko wani Bature da ke jira da miliyoyi, damfara ce.

Mataki na shida: yanayin kwabo

Kwabbai biyu na shekara ɗaya za su iya bambanta a farashi ninki hamsin ko fiye saboda yanayi kawai. Dillalan Ingila suna amfani da matakai da ake taƙaitawa F, VF, EF da UNC, daga wanda ya side amma ana karanta shi har zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Amurkawa suna amfani da ma'aunin lamba 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949 don manyan santocin jan ƙarfe, wato kwabban ƙasarsu, kuma kamfanonin PCGS da NGC suna rufe kuɗi a cikin roba mai tauri da wannan lamba. Wuraren da suka fi tudu su ke fara sidewa: gashin sarki da ganyen rawaninsa, da ƙirji da gwiwar Britaniya, da layukan garkuwarta.

A ra'ayina, ga jan ƙarfe lafiyar fata ta fi kaifin zane muhimmanci. Kwabon da ya ɗan side amma fatarsa sumul take, launinta ruwan ƙasa mai duhu kamar gasasshiyar gyaɗa, ya fi wanda zanensa ke da kaifi amma tsatsa ta ci shi ko an goge shi ya koma ja-ja mai ƙyalli. Jan ƙarfe sabo ja ne, da shekaru yake rinewa, kuma wannan rini kariya ce a gare shi. A kwabban 1797 a duba baki da kyau, domin nauyinsu da laushin ƙarfen sun sa kusan duk wanda ya taɓa faɗuwa yana da tabo. Samun mai lafiyayyen baki shi ne abin nema, kuma ya cancanci a ƙara masa kuɗi.

Mataki na bakwai: saye

Manyan gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Baldwin's da Noonans suna sa kundayensu a intanet da hotuna, kuma suna barin sakamakon gwanjon baya. Kafin a sayi komai, a shafe wata biyu ana duba abin da aka sayar da nawa aka sayar, domin farashin da aka biya shi ne gaskiya, farashin da aka nema kuwa buri ne. A lissafa ladan gidan gwanjo, wanda sau da yawa yakan kai kashi 20 ko fiye a kan farashin, da kuɗin aikowa da canjin kuɗi. A dandalin eBay akwai na kirki akwai na banza. A nemi hoton fuska da baya da gefe, da nauyi a giram, da sharaɗin mayarwa. Duk kwabon shekara mai wuya, kada a saye shi sai daga dillalin da ya tsaya masa ko kuma a rufe da shaidar kamfanin tantancewa.

A gida, wurin masu kayan tarihi irin na Kasuwar Kurmi a Kano, da wurin masu zobba, da adakar tsofaffi, abin da aka fi samu shi ne kuɗin zamanin mulkin mallaka, amma jefi-jefi tsohon kwabon Ingila yakan ɓullo. A je da sikeli da gilashi a aljihu. Yana da kyau kuma a saba da 'yan gwangwan, domin su kilo suke saye, kuma abin da ya shiga buhunsu narkawa za a yi. Wanda zai fitar da tsofaffin kaya daga Najeriya ya fara tuntuɓar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, domin akwai dokar 1979 a kan fitar da kayan tarihi.

Mataki na takwas: ajiya, da maganar wankewa

A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yinta. Mun saba wanke tasa da tsamiya ko lemun tsami ko toka har ta yi walƙiya, sai hannu ya kai ga kwabo. Minti biyar a ruwan tsamiya suna cire fatar da ta ɗauki shekara ɗari biyu tana samuwa, su bar ƙarfen tsirara, darajarsa ta faɗi, kuma babu hanyar mayar da ita. Man goge ƙarfe da buroshi da soson waya duk haka suke. Abin da kawai za a iya yi ba tare da cuta ba shi ne, idan akwai maiƙo ko danƙo, a jiƙa kwabon na 'yan mintuna a asiton zalla, sinadarin nan mai narkar da maiƙo, cikin kofin gilashi, nesa da wuta, a wuri mai iska, a bar shi ya bushe da kansa ba tare da gogawa ba. Asiton da ake sayarwa don cire jan farce bai dace ba, saboda ana haɗa shi da turare da mai.

Koren tsatsa iri biyu ce. Mai tauri mai santsi wadda ta zauna ba ta motsi, a ƙyale ta. Mai gari-gari mai hasken kore, wadda ke fitowa kamar hoda, ciwo ce mai ci, gishiri da laima ke ciyar da ita. A ware wannan kwabo daga sauran, a ajiye shi a busasshen wuri, a nemi masanin adana kayan tarihi.

Kowane kwabo ya sami ɗakinsa: ƙaramin ambulan na takarda marar asid, ko kwanson roba mai tauri daidai faɗinsa. A guji leda mai laushi irin ta PVC, domin a zafinmu tana fitar da wani kore mai yauƙi da ke cin ƙarfe. Hunturu ba ya cutar da jan ƙarfe in ban da ƙura, damina ce abokiyar gaba. A sa ambulan ɗin a akwati mai rufuwa ruf, tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse laima irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko magani, a riƙa sauya su, a kuma nisanta akwatin daga kicin da turaren wuta. Kada a yi magana a kan kwabo a buɗe, domin ɗigon yawu guda yana zama baƙin tabo bayan watanni.

Mataki na tara: rajista, da reshen da ya iso gare mu

A buɗe littafi tun daga kwabo na farko. A rubuta sarki, da shekara, da nauyi, da faɗi, da lambar kundi, da yanayi, da wurin saye, da ranar, da farashi, a ɗauki hoton fuska da baya. Idan kwabo ya zo da tsohuwar takardar wani mai tarawa, a adana ta tare da shi, domin sanin hannayen da ya bi yana ƙara masa daraja da aminci. Wannan littafi ne zai hana magada sayar da tarin a kilo.

Wanda ya kammala kwabbansa biyar kuma yana son ya juyo gida, hanya a buɗe take, kuma daga Soho ta taso. Masana'antar Boulton ce ta buga kuɗin Kamfanin Saliyo masu ɗauke da 1791, da zaki a fuska da hannaye biyu suna musafaha a baya, cikinsu har da kwabo da santi. A 1858 Macgregor Laird, mai jiragen kasuwanci a kogin Kwara, ya fitar da ɗan kuɗinsa mai darajar kashi ɗaya cikin takwas na kwabo, da hoton jirgi da shekarar Hijira 1274. A gwanjon nan na 1850 kuma, Ralph Heaton ne ya sayi injinan Soho, ya kafa ma'aikatarsa a Bamingham, wadda daga baya ta buga ɗimbin kuɗin Afirka ta Yamma.

Kwabo mai huji da anini na Afirka ta Yamma sun fara fitowa a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Kwabon farko fari ne, na jan ƙarfe da nikel, aninin farko kuma na alminiyam. Sai a 1952 aka koma tagulla, kuma a kanta Najeriya ta buga nata kwabo da ɗari masu huji a 1959. Idan irin wannan kwabo ya faɗo hannunka, ka sa gilashi ka nemi ɗan ƙaramin harafi a jikinsa: H na nufin ma'aikatar Heaton, KN na nufin ta King's Norton, ita ma a Bamingham. Ka rubuta harafin a littafinka kusa da shekara, domin a wasu shekarun shi kaɗai ne ke raba kwabon da ake samu ko'ina da wanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo.